Yadda ake auna albam ɗin gungun ƴan rap ba tare da son kai ko cin fuska ba

Ɗan ƙanwata ne ya same ni a fada bayan la'asar, ana cikin zuba shayi na biyu, ya miƙo mini memori a naɗe cikin ƴar takarda. Ya ce, "Kawu, albam ɗinmu ne, waƙa 14. Ka saurara ka faɗa mana gaskiya." Su huɗu ne a gungun, duk yaran Garin Malam, sun yi wata da watanni suna tara jikka-jikka suna kai wa mai sutudiyo. Na san abin da yake so ya ji. Mu nan Damagaram hukuncinmu a kan waƙa bai cika wuce kalma biyu ba: ko "ta yi wuta", ko "ba ta yi ba". Duka biyun ba su da abin da za su ƙara wa mawaƙi. Idan ka ce albam ya yi kyau ko ya yi rauni, amma ba za ka iya ɗora yatsa ka ce waƙa ta kaza, minti kaza, bakin wane ba, to hira kake yi. Hanyar da na bi da albam ɗin yaran nan ita ce zan shimfiɗa a nan, kuma ita nake bi da kowane gungu, na Zinder ne ko na Yamai ko na Kano.

Kafin ka danna komai

Nemi kwafi mai tsabta. Waƙar da ta bi ta hannu biyar, daga WhatsApp zuwa Xender zuwa wurin mai tura waƙoƙi a Kasuwar Dole, wataƙila an matse ta a hanya har ta rasa rabin jikinta. Ka ce su ba ka WAV, wato sautin da ba a matse ba, daga na'urar sutudiyo, in babu to MP3 mai 320, wato mafi inganci. In ka saurari wadda aka matse ka ce kiɗan ya dushe, ka ɗora wa mai haɗa sauti laifin da ba nasa ba.

Ka tambaye su abu uku: sunan kowa da yadda muryarsa take, wa ya yi kiɗan kowace waƙa, da jerin waƙoƙin yadda suke son a ji su. Daga nan ka sallame su. Ba a auna albam mai shi yana zaune yana kallon fuskarka yana kaɗa kai. Ka tanadi bik da kaye.

Sauraro uku, kowane da aikinsa

Na farko da ekuter, kai kaɗai, daga waƙa ta ɗaya har ta ƙarshe, ba tsayawa ba tsallakewa. Kada ka rubuta dogon abu. Alama biyu ta isa: duk inda ka ji yatsanka ya nufi salula zai tsallake, ka sa gicciye, ka rubuta minti. Duk inda ka ji kana son a mayar da baya, ka sa tauraro. Wannan sauraron shi ne mafi gaskiya, domin kunne bai riga ya fara yi wa waƙar uzuri ba. A albam ɗin yaran na samu tauraro biyar da gicciye tara, shida daga cikin gicciyen sun taru tsakanin waƙa ta 7 da ta 11.

Na biyu ka yi shi washegari, inda mutane za su ji albam ɗin da gaske: a bakin salula, sannan a ƙaramin bafil na fada, ana hira, ƴan kabu-kabu na wucewa. Ba kowa ke da ekuter mai kyau ba. Albam ɗin da sai a cikin sutudiyo yake daɗi bai gama fitowa ba tukuna.

Na uku shi ne na aiki. Tsaya, mayar, sake ji, rubuta baiti da hannunka. Waƙa guda tana iya cin ka minti ashirin. Duk abin da zai biyo baya a wannan sauraron ake yin sa.

Gungu ne ko haya suka haɗa?

Nan ne albam ɗin gungu ya bambanta da na mutum ɗaya, nan kuma masu sharhi suka fi yin sakaci. A waƙarmu ta gargajiya tsarin a fili yake: ga uban waƙa, ga ƴan amshi, ga makaɗa, kowa ya san matsayinsa. A gungun rap kowa uban waƙa ne. Shi ya sa tambayar farko ita ce ko kowane baki ya cancanci wurin da aka ba shi.

Rufe ido ka saki waƙa daga tsakiya. Za ka iya faɗin wanda ke magana kafin ya ambaci sunansa? Wu-Tang Clan na birnin New York su tara ne lokacin da suka fitar da albam ɗinsu na farko a 1993, amma mai sauraro ba ya ɓata tsakaninsu, don kowa da amonsa, kowa da irin tafiyarsa. Mu kuma sai ka samu yara huɗu, duk sun koyi rap daga bakin mutum ɗaya, duk suna shaƙe murya iri ɗaya. In sai an ce "wane ne a kan mikiro" kafin ka gane an canza baki, rubuta shi a matsayin rauni, komai daɗin waƙar.

Sai ka ja layi a kaye, suna huɗu a sama, waƙoƙi a gefe. Cike wa ya buɗe kowace waƙa, wa ya rufe, wa ya riƙe amshi, wa ba ya ciki sam. Jadawalin nan yana tona asiri. A na yaran, mutum guda ne ya riƙe amshi a waƙa 11 cikin 14, wani kuma kullum baitinsa na uku ne, wurin da ake ɓoye mai rauni, an sa shi tsakanin ƙarfafa biyu kamar yaro a tsakiyar babur.

Bayan haka ka saurari wurin miƙa hannu, wato daƙiƙa biyu ko uku da wani ke ƙarewa wani ke karɓa. Gungun da suka zauna tare suka rubuta za ka ji na biyu ya ɗauki kalmar ƙarshe ta na farko ya juya ta, ko ya amsa masa tambaya, ko ya ƙaryata shi cikin wasa. Waɗanda kowa ya rubuta nasa a ɗakinsa, aka haɗu ranar ɗauka kawai, za ka ji waƙar ta zama buhun da kowa ya zuba hatsinsa: na farko yana kukan rashin aiki, na biyu yana yabon budurwa, na uku yana zagin maƙiya, kuma taken waƙar zaman lafiya.

Gwaji na ƙarshe ba shi da daɗi amma ba makawa. Ka ɗauki mutum ɗaya, ka tsallake baitocinsa a waƙa uku. In waƙoƙin ba su rasa komai ba, ka samu amsa. In ka cire shi ka ji waƙar ta yi sanyi ko da ba shi ne gwanin kalma ba, to shi ne gishirin, ka rubuta masa wannan, don irinsu ba su cika samun yabo ba.

Zubi a kan kiɗa

Wannan lissafi ne, kuma ba ya buƙatar ka je lakwal ɗin kiɗa. Kusan duk rap a kan bugu huɗu yake tafiya: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma. Bugu huɗun nan su ne ƴan sutudiyo ke kira mezir ɗaya. Baiti na al'ada mezir 16 ne, amshi 8. A kiɗan da ke bugu 90 a minti, baiti guda yana cin wajen daƙiƙa 43. Ka ga ke nan in mutum huɗu kowa ya dage sai ya yi 16 ɗinsa, ga amshi sau huɗu, waƙa ta haura minti huɗu kafin a ƙara gabatarwa. Waƙa ɗaya ko biyu za su ɗauki haka. Albam gaba ɗaya ba zai ɗauka ba. Gungun da ya san abin da yake yi yana raba 8-8, ko 4-4, ko ya bar mutum biyu su huta.

Ka riƙa buga cinya a bugu na biyu da na huɗu, inda ƙarar tafi take faɗowa. Duba ko ƙafiyar mawaƙin tana sauka wuri guda da gangan, ko tana zamewa don ya cusa kalmomi fiye da abin da mezir zai ɗauka. Akwai mai jan baya da saninsa, yana biyo kiɗa a hankali kamar mai takama, wannan gwaninta ce. Akwai kuma wanda kiɗa ya tsere masa yana bin sa da gudu. Bambancin yana fitowa a ƙarshen layi: na farko yana isa a natse, na biyu yana haɗiye gaɓar ƙarshe.

Ka kuma saurari numfashi. Baitin da babu inda aka ja iska daga farko har ƙarshe, yanka-yanka aka ɗauke shi, layi-layi aka liƙa. Ba haramun ba ne, amma ranar da suka hau dandali za a ga abin da ya rage.

Hausar da ke cikin bakinsu

A nan nake daɗewa, domin nan ne mu masu harshen muke jin abin da baƙo ba zai ji ba.

Fara da ƙafiya. Hausa tana da arhar amsa-amo, kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa, saboda haka wanda ya jera "-wa" sau goma sha shida bai yi aikin komai ba. Ga irin abin da na samu a waƙa ta 8:

*Muna ta tafiyawa, duniya tana juyawa,*
*abokai suna gujewa, mu dai muna daurewa.*

Ba a faɗi komai ba, kuma an karya wuyan "tafiya" don ta shiga layi. Ka kwatanta da wannan, daga bakin yaron da ake ɓoyewa a baiti na uku, a waƙarsu ta ruwa:

*Jarka goma a kura, tun asuba nake tura,*
*Inna na can tana hura wutar da ba a ɗora mata tukunya ba.*

Kura, tura, hura: gaɓa biyu-biyu ne suka amsa juna, dukansu da dogon wasali, biyu a ƙarshen numfashi, ta ukun a tsakiyar layi inda ba ka zata ba. Kuma duk wanda ya taɓa kwana a layin famfo a garin nan lokacin bazara ya ga hoton da idonsa. Layi biyun nan sun sa na sake duba abin da na rubuta a kan yaron tun farko. Matsalarsa murya ce, ba alƙalami ba.

Sai karin sauti da tsawon wasali. Harshenmu yana rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya da kuma tsawon wasali: kuka na hawaye daban da kuka ta miya, wuya ta wahala daban da wuyan da ake rataya laya, gari na mutane daban da garin tuwo. Mawaƙin da ya aro zubinsa daga Faransanci ko Ingilishi yakan danne kalmar Hausa ta bi kiɗa, har ka ji ya ce abin da bai nufa ba. Auto-Tune, wanda ya shigo duniya tun 1997, yana ƙara dagula wannan in an matsa shi da yawa, domin yana jan murya zuwa sautin da aka saita masa ba tare da ya san Hausa ba. Ka rubuta duk kalmar da sai da ka mayar sau biyu kafin ka gane ta. Haka ƙ da ɗ da ɓ da ts: in "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata", ko dai bakin ne ya yi kasala ko kwaikwayon baƙi ake yi.

Gauraya harsuna ba laifi ba ne. Tun zamanin su Lakal Kaney da Wass Wong da Kaidan Gaskiya rap ɗin Nijar yake tafiya da Hausa da Zabarmanci da Faransanci a waƙa guda, mu nan kuma ga Barbarci a kusa. Abin dubawa shi ne dalilin sauyawar. In an koma Faransanci don maganar ta ofis ce ko ta ƴan boko, ko don a yi wa wani shaguɓe da harshensa, ta zauna. In an koma ne don ƙafiyar Hausa ta ƙare, za ka ji ɗinkin.

Kada ka manta muna da namu awon tun kafin a yi bikin nan na unguwar Bronx a 1973 da ake cewa daga shi hip-hop ya tashi. Muna da kirarin ƴan kokawa da ƴan dambe, muna da ƴan gambara masu zuba magana a kan kiɗa a kasuwa, muna da zambo da habaici. Wanda ya iya habaici ba ya kama suna, amma mai abin zai kasa barci. Wanda bai iya ba sai ya zagi uwar mutum. In waƙar faɗa ta gungu ba ta wuce ashar ba, ka sa ta a layin rauni, kuma ka tuna musu gidajen rediyo irin su Anfani da Shukura iyaye ma suna saurare.

Me suke faɗa?

Rubuta jigon kowace waƙa a layi ɗaya. In ka kasa, waƙar ce ba ta da shi. In layuka biyar suka fito iri ɗaya, "mun fi kowa, maƙiya su mutu", to waƙa ɗaya ce aka yi sau biyar.

Abu biyu nake farauta. Ɗaya rigar aro: yaron da ko Agadas bai taɓa zuwa ba yana ba da labarin bindiga da motocin da bai taɓa gani ba sai a bidiyo, alhali ga labarin wansa da ya tafi haƙar zinariya Jado, ga maƙwabciyarsu da ta bi hanyar Aljeriya da yara, ba wanda ya taɓa. Ɗayan kuma waƙar faɗakarwa da aka rubuta kamar takardar taro, "mu yaƙi jahilci, mu rungumi ci gaba", wadda kana ji ka san ana fatan wata ƙungiya ta saya. Faɗakarwa tana cikin jinin rap ɗin ƙasar nan, ba na raina ta. Amma a ba ni mutum guda da abin da ya same shi, ni zan ciro darasin da kaina.

Kiɗa da haɗin sauti

Tambayi asalin kowane kiɗa. In kana jin wata murya tana maimaita sunan mai kiɗa kowane rabin minti, daga YouTube aka sauke shi ba a biya ba, kuma ranar da waƙar ta yi tashe mai shi zai iya sa a sauke ta. In an yanko kalangu ko gurmi ko algaita daga tsohon faifan wani, a nemi izini, a kuma je BNDA, hukumar haƙƙin mawallafa, a yi rajistar abin da yake nasu. Ta fuskar daɗi kuwa, duba ko kayan gargajiyar suna aiki a cikin kiɗan ko an yafa su ne a daƙiƙa goma na farko don a ce an yi al'ada.

Zinder tana tsakanin iska huɗu: rap ɗin Yamai, nanayen Kano, kiɗan Legas, da tarap na Faransa, wani salon rap. Albam yana iya ɗaukar biyu har uku in akwai zaren da ya ɗinke su. In kowace waƙa kamar daga wani gari aka aiko ta, gungun bai riga ya san muryarsa ba.

Sauran na kunne ne, kuma sauraro na biyu ya riga ya nuna maka. Gangar na'ura mai zurfi da ake kira 808 ba ta fita a bakin salula, don haka kiɗan da duk ƙarfinsa a can yake zai zama fanko a hannun yawancin masu saurare. Duba ko murya tana nutsewa in amshi ya shigo, ko tana fashewa in an ɗaga ta, ko wani baki ya fi wani ƙara, ko sai ka riƙa ƙara sauti kana ragewa daga waƙa zuwa waƙa. Wannan na ƙarshe yana nuna ba a yi wa albam ɗin daidaitawar ƙarshe a zama ɗaya ba. Laifin mai haɗawa ne, ka rubuta shi daban da na mawaƙa.

Jeri da tsawo

Koma kan gicciyenka. Inda suka taru nan ne cikin albam ya saki. Shagunan waƙa na intanet suna lissafa waƙa 7 ko abin da ya haura minti 30 a matsayin albam, saboda haka ba dole sai 14 ba. Ka tambayi kanka waƙa nawa za ka bari in an ce ka rage, sannan ka gwada sabon jerin da kunnenka kafin ka ba da shawararsa. Waƙar farko ta nuna duk bakunan gungun. Kada masu sanyi uku su bi juna. Baƙon mawaƙin da aka gayyato kuma, in ya cinye masu gida a waƙarsu, a faɗa.

Faɗin hukunci

Shafi ɗaya ya isa. Ƙarfi uku, rauni uku, kowane da lambar waƙa da minti da sunan mai shi. Ka ware abin da za a iya gyarawa kafin fitarwa, kamar jeri da haɗin sauti da baitin da za a sake ɗauka, daga abin da sai albam na gaba, kamar murya da alƙalami. Ka ware son ranka: ni ba na son Auto-Tune, amma ba zan kira shi rauni ba sai inda ya ɓata kalma. In don bugawa kake rubutu, ka yi magana a kan waƙa, ka bar tarbiyyar gidan mutum da unguwarsu.

Na kira su huɗun ranar Lahadi, na sa aka ɗora shayi, na fara da waƙar ruwa, na mayar da layin kura sau uku kafin na ce uffan. Sannan na ce a cire ta 8 da ta 9 da ta 11, a ba yaron baiti na uku ya buɗe waƙa biyu, mai amshi kuma ya saki guda huɗu ga sauran. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, ta 9 fa ita ce muka fi kashe wa kuɗi." Na ce na sani, ana jin kuɗin, waƙar ce ba a ji. Sun cire biyu, sun bar ta 9. Mai amshin har yau in mun haɗu a bakin Birni daga nesa yake ɗaga mini hannu.